Amina da Mangu a shafi ɗaya

1/ Jama'a ku ba ni minti biyar. Zan faɗi abin da wasu za su ce shirme ne: muna buƙatar littafin zane na barkwanci da Hausa, wanda zai haɗa Sarauniya Amina ta Zazzau da Sarauniya Mangu ta Lugu. Su yi yaƙi tare, su yi ta gardamar wa ta fi wata. Zare 🧵

2/ Ga abin da ya jawo. Na je gida Unguwar Lalle, na tarar da yara na wasa a bayan gida. Kowane yaro rigima yake shi zai zama ɗan bindiga, har da kiran sunayen manyansu na daji. 'Yan mata kuwa aikinsu ɗaya a wasan: su ne za a sace. Wallahi jikina ya yi sanyi.

3/ Na tambayi ɗiyar yayana wace jaruma mace ta sani. Ta ce Wonder Woman, a wayar wani ta gan ta. Amina fa? Ta ji sunan a makaranta, shi ke nan. Mangu kuwa ba ta taɓa ji ba. Alhali Lugu tana ƙasar Dogon Dutsi a Nijar, kuma Hausarmu suke yi.

4/ Ga wanda bai san Mangu ba: a 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙona garuruwa. Birnin Ƙonni ta ga ta'asarsu. Sarakuna da yawa sun miƙa wuya, ita ta tsaya a Lugu da mutanenta da kibau. An ƙone garin, amma ba a kama ta ba.

5/ Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, da Faransanci. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Amina ma haka: fim ɗinta na Netflix a 2021 da Turanci ne. Malika ta Roye Okupe, wadda Amina ta zaburar, ita ma Turanci.

6/ Kenan jarumanmu suna yawo duniya, amma ba su iso Sabon Birni da Isa da harshen da yarinya 'yar shekara 9 za ta karanta ta yi dariya ba. Wa ya hana mu? Ba kowa.

7/ Na san za a ce: ai ba zamaninsu ɗaya ba, kusan shekara 300 ke tsakani. To sai me? Gizo da Ƙoƙi a wace shekara suka yi aure? Littafin zane ɗan uwan tatsuniya ne. A rubuta gaskiyar tarihi a shafi biyu na ƙarshe, sauran a bar wa mai zane.

8/ Kuma abin dariyar ma daga nan zai fito. Amina ba ta kwana a wuri sai an gina ganuwa. Mangu ta ce ke, kafin ki gama kwaɓa ƙasa an cinye mu, mu shiga daji. Ɗaya na son doki da tambura, ɗaya na son kwanton ɓauna. Su wuni suna musu, ranar gumurzu kowacce ta ceci 'yar uwarta.

9/ Mai raba gardama? Innar Gobir mana. Mu da muke da sarautar mace mai faɗa a ji tun zamanin Alƙalawa, har yau ana naɗa Inna. Ta zaunar da su, ta ba su fura, ta ce: "Ku mi a haka? Ku ƙare hwaɗan ga ku tai ku yi aiki." 😂

10/ Gardama ta biyu ta fi nauyi: ana kashe mutane, ana sa wa ƙauyuka haraji, noma ya gagara, kai kana zancen katun? Na yarda zane ba ya korar ɗan bindiga. Wannan aikin hukuma ne, kuma ba za mu daina tambayarta ba.

11/ Amma yaron da ya tashi bai ga mai ƙarfi ba sai azzalumi, me kuke zato zai so ya zama? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su 'yan daji suna da bidiyonsu a TikTok, har mawaƙa sun samu. Mu me muka ba yaran su kwaikwaya?

12/ Dariyar kuma dole ce. Waɗannan yara sun ga kuka ya ishe su. In ka kawo musu littafi mai jini da gawa, abin da suka baro a ƙofar gida ka maimaita musu. A ba su jaruma da za ta kori mugu, sannan ta zame a taɓo kowa ya kwashe da dariya.

13/ Masu cewa Mangu ba Musulma ba ce: gaskiya ne, Azna ce. Labarin bai ce a bi addininta ba, cewa ya yi ta ƙi bari a ci mutanenta da zalunci. Masu tsoron shigar banza irin ta Turawa kuma, ai mu ke zanen. Zane da mayafi da sulke, an gama.

14/ Masu zane na Sakkwato, Kano, Zariya da Maraɗi, ga aiki. Shafi 16 ya isa farawa. A raba ta WhatsApp, a buga kaɗan a kai makarantu da sansanonin gudun hijira. Ni na ɗauki nauyin kwafin ajin ɗiyar yayana.

15/ Burina in koma gida in tarar da 'yan mata biyu suna rigima, wannan ta ce ita ce Amina, waccan ta ce a'a ita Mangu take so. Wanda ya san mai zane ya yi masa tag a ƙasa. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Gobir. 🤲