Filin Uwargida: Ruwan Inabi Irin Na Mutanen Meziko

Yaya kuma zafi? Mu nan Ngawundere da ɗan sauƙi, tun da Allah Ya ɗora garinmu a kan tudu, amma 'yan'uwanmu na Garwa da Marwa sai dai mu ce sannunku, domin a watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40 a can. A irin wannan lokaci babu abin da ake nema a gida kamar abin sha mai sanyi.

Kwanakin baya ƙanen maigidana ya sauka daga jirgin ƙasa na Yawunde, ya kawo mana tsarabar inabi kilo ɗaya. Kin dai san inabi ba abin gonarmu ba ne, yawancinsa daga ƙasashen waje ake kawo shi, kuɗinsa kuwa sai mai hali. Mu goma sha ɗaya ne a gida. Na zauna ina lissafin yadda zan raba, kowa ya sami 'yan ƙwayoyi ba tare da an yi kuka ba. Sai babbar 'yata ta ce, "Inna, ki bari mu yi shi yadda mutanen Meziko suke yi, kowa zai sami kofi." Na ce to, a gwada. Wallahi kowa ya sha, har maƙwabciyata ta sami nata.

Su mutanen Meziko suna da wani abin sha da suke kira agua fresca da harshen Sifaniyanci, ma'anarsa ruwa mai sanyaya rai. A manyan tulunan gilashi ake sayar da shi a kasuwa da bakin hanya. Ba wani abu ba ne illa 'ya'yan itace da ruwa da ɗan sukari. Abin da zai ba ki mamaki shi ne, biyu daga cikin waɗanda suka fi so namu ne na gida: ruwan tsamiya da kuma zoɓo, wanda ake kira folere a nan Kamaru, su kuwa suna ce masa agua de Jamaica. Har ma zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano ana cika manyan motoci da shi a kai tashar jirgin ruwa, a wuce da shi Meziko. Ashe dai 'yan'uwanmu ne a wajen sha.

Ga yadda ake yin na inabin. Ki tanadi inabi rabin kilo, baƙi ko ja, don sun fi ba da launi. Ruwa lita ɗaya. Lemun tsami ɗaya. Sukari cokalin shayi huɗu. Da ƙanƙara in akwai. Ki tsinke inabin daga reshensa, ki zubar da duk wanda ya fashe ko ya fara ruɓa, ki wanke shi sau biyu ko uku, domin akan yi masa feshin magani a gona kuma ya sha hannu a hanya. Ki zuba a injin markaɗe da rabin ruwan, ki markaɗa kaɗan. In mai ƙwallo ne kada ki daɗe, don ƙwallon in ya niƙu yana kawo ɗaci. Wadda ba ta da inji, ko aka ɗauke wuta, ta wanke hannu da sabulu ta murtsuke shi a kwano mai tsabta. Sai ki tace da rariya ko ƙyalle mai kyau, ki danna tukar da bayan ludayi har ruwan ya fita duka. Ki ƙara sauran ruwan, ki matsa lemun tsami, ki ɗanɗana tukuna kafin ki sa sukari. Wannan zai ba ki kofi biyar ko shida. Ba a dafa shi, ba ya kuma ɗaukar fiye da minti goma sha biyar.

To amma akwai abubuwa uku da nake so ki riƙe, don su ne suka sa na kawo wannan magana.

Na farko ruwa. Zoɓo ana tafasa shi, wannan kuwa ɗanye ake sha, saboda haka duk abin da ke cikin ruwan cikin yaranki zai shiga. Ba mu manta da annobar kwalara ta shekarar 2010 ba, wadda ta ci ɗaruruwan rayuka a arewacin ƙasar nan. In ba ki amince da ruwan rijiyarki ba, ki tafasa shi tun da safe ki bar shi ya huce a rufe. Ki kuma lura da ƙanƙarar da ake sayarwa a leda, domin sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. In ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, kada ki jefa ta ciki. Ki zuba abin shan a kwalba, ki jera ƙanƙarar a gefenta cikin bokiti.

Na biyu sukari. Mu mata hannunmu yana da nauyi a wajen sukari, ga shi ciwon sukari ya shiga gidaje da yawa. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kamar giram 50 na sukari a rana, wato cokalin shayi 12, in ma ya tsaya a rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 33 tana iya ɗauke da wajen giram 35. Su kansu mutanen Meziko shan lemon kwalba ya yi musu yawa, har gwamnatinsu ta sa masa haraji a shekarar 2014. Inabi kuwa da zaƙinsa yake zuwa, a kowane giram 100 akwai sukari wajen giram 15. Shi ya sa na ce ki ɗanɗana tukuna. Mai ciwon sukari ko ba a sa masa ko ƙwaya ba, ƙaramin kofi ya ishe shi, ya kuma bi abin da likitansa ya ce.

Na uku lokaci. Wannan ni ya faru da ni. Na rage kwalba ɗaya na sa a firji don maigida ya sha da safe, cikin dare aka ɗauke wuta, ba a kawo ba sai washegari da yamma. Da na buɗe sai na ji ta yi tsaki, ga kumfa a sama, ƙamshin ma ya sauya. Nan take na zubar. Ruwan inabi in ya daɗe cikin zafi tsami yake yi, ya kama hanyar zama giya, kin kuwa san wannan ba abin gidanmu ba ne. Ki yi daidai wanda za a shanye a ranar.

Kada kuma ki ce sai an kawo miki tsaraba daga Yawunde. Wannan hanya tana yi da duk abin da Allah Ya hore mana a kasuwa. Lokacin mangwaro a nan Ngawundere har zuba yake yi a ƙasa yana ruɓewa. Ga kankana, ga gwaiba, ga gwanda, ga abarba da ake kawowa daga kudu. Mangwaro manya biyu nunannu sun isa lita ɗaya. Kankana ba ta son ruwa da yawa, sukari kuwa ko kaɗan. Mai son ɗan yaji ta daka citta ta sa, mai zuma ta yi amfani da ita, tun da Allah Ya albarkaci Adamawa da zuma mai kyau, sai dai ita ma a sassauta hannu.

Ki gwada a wannan wata, ki aiko mana da yadda naki ya kasance. 'Yan'uwa na Garwa, muna jiran ku gaya mana yadda kuke haɗa tsamiyarku. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida da yara.