Wuƙar Suka Ɗauka, Suka Bar Haƙurin

'Yan uwa ɗalibai, duk mai zuwa wajen masu tura finafinai a waya a Samaru ko Sabon Gari ya san yadda fim ɗin ban tsoro yake tafiya: ƙato da rufaffiyar fuska, wuƙa a hannu, yana ɗauke matasa ɗaya bayan ɗaya har saura yarinya guda. Fim ɗin Halloween na 1978 ne ya kafa wannan tsari. John Carpenter ya shirya shi a Amurka da kuɗi kaɗan, ko abin rufe fuskar makashin, Michael Myers, a kanti aka saya aka shafa masa farin fenti.

Abin mamaki, jini kaɗan ne a cikinsa. Sai a nuna mutumin tsaye a bakin shinge da rana tsaka, 'yan mata na dawowa daga makaranta, bai ce uffan ba. Kai mai kallo ne zuciyarka ke dukan uku-uku, don ka san abin da ba su sani ba.

Waɗanda suka kwaikwaye shi, irin su Friday the 13th na 1980, yanka suka fifita. Malamanmu na da gaskiya da suke cewa irin waɗannan ba su dace da ƙannenmu 'yan aji ɗaya ba.

Masu fim ɗinmu na Kano ma gaggawa ke damun su. Tun minti biyar an fito da aljani, fuska duk hoda, yana ƙyaƙyata dariya, mu ma muna taya shi. A ɓoye shi mana har kusan ƙarshe, a bar mu da motsin ƙofa da haushin karnuka cikin dare.