Sikuta a hanyar Falgore: a bar zancen ƙure maleji, a duba taya

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, matasa da dama suka mayar da hankali kan babur. Mai ɗan hali kuma ba ya son Boxer ko roba-roba, ya fi son sikuta, wato babur maras giyar ƙafa irin su Honda PCX 160 da Yamaha NMAX 155, ko yayyensu Yamaha XMAX 300 da Honda Forza 350. A TikTok kuwa abu ɗaya ake nunawa: a murɗa totur, a haska maleji, lamba tana hawa. Daga nan sai ciniki ya koma tambaya ɗaya, nawa yake ƙurewa?

Wannan tambaya ba ta da amfani ga wanda zai bar babbar hanyar Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora, ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa. Abin da ya dace ya tambaya shi ne gudun da babur zai iya riƙewa na awa guda ba tare da ya galabaita ba, da yadda zai zauna a kan kwalta in tirela ta wuce shi ko ya faɗa rami.

Da farko ma maleji yana ƙara gishiri. Kamfanoni kan saita shi ya nuna sama da ainihin gudun, kuma duk mai waya zai iya gane haka da manhajar GPS, idan ya maƙala wayar a kan babur ba a hannu ba. Sikuta mai injin 155 ko 160 yana iya haura kilomita 100 a awa, amma a lokacin ya kusa ba da duk abin da yake da shi. In ana buƙatar wuce motar itace kafin wata ta taho daga gaba, babu sauran ƙarfi a ajiye. Amfanin mai injin 300 ke nan: a gudun da ƙaramin yake nishi, shi yana tafiya da rara.

Sai batun taya, wanda shi ne ainihin maganar. Tayar Boxer da ta roba-roba inci 17 ce. Ta NMAX inci 13 ce gaba da baya. PCX 160 na da 14 a gaba da 13 a baya, XMAX da Forza kuma 15 a gaba, 14 a baya. Tsohuwar Besfa da malaman makaranta suka yi yayi, inci 10 ce. Babbar taya tana haye rami, ƙarama tana nutsewa a cikinsa ta daki bakinsa, bugun ya taho har kafaɗar direba. Ga kuma ƙirar sikuta kanta: injin yana haɗe da tayar baya, suna hawa da sauka tare, don haka shokozoba na fama da nauyin da na babur mai sarƙa ba ya ɗauka. A titi mai santsi ba a jin wannan. A hanyar da damina ta ci gefenta, ana ji sosai.

Wannan ba ya nufin Boxer ya fi XMAX zama a hanya. XMAX ya kusa kilo 180, yana da tsawo da faɗin taya, iskar tirela ba ta wasa da shi yadda take yi da ƙaramin babur. Matsalar tana ga na tsakiya-tsakiya, masu kilo 130 ko kusa da haka, waɗanda robar jikinsu ke tare iska alhali ba su da nauyin da zai danne su. Idan aka ƙara goyo, ko aka ɗaure buhun shinkafa a baya kamar yadda aka saba a Tudun Wada, gaba ya yi sakayau, kan babur ya fara rawa. Wanda ya murɗa totur a wannan hali yana ƙara wa kansa aiki.

Lissafin birki ba ya sassauci. Wanda ya ninka gudu daga 50 zuwa 100, nisan da birki zai ci kafin ya tsaya ya ninka sau huɗu. A cikin Falgore akwai kwana, akwai shanu masu tsallakawa, ga hazon hunturu da ke ɓoye abin da ke gaba. Birki mai ABS yana hana taya ƙullewa ta zame a kan yashi, kuma ya fi allon da ke haɗuwa da waya daraja nesa ba kusa ba. Sai dai a bincika, domin wasu ƙirar a tayar gaba kaɗai suke da shi. Dokar hanya ta hukumar FRSC ma kilomita 50 ta ƙayyade wa babur, a cikin gari da kan babbar hanya. Kowa ya san ba a cika bin wannan lamba ba, amma ita ce a rubuce.

Akwai kuma abin da bidiyon talla ba ya nunawa. Sikuta da bel yake tafiya, kuma doguwar tafiya a ƙure cikin zafin Afrilu tana cin bel. Sarƙar Boxer in ta ba da matsala, bakaniken kowane ƙauye daga Kiru zuwa Riruwai zai taɓa ta. Bel ɗin Forza in ya tsinke a tsakiyar daji, sai dai a nemi motar da za ta ɗauki babur ɗin, a jira kaya daga Kano. Taya mai inci 13 ma ba kowane mai faci ne yake ajiye ta ba, kuma yawancinsu da ɗan yatsa suke auna iska, alhali kamfani ya rubuta adadin da ake buƙata a jikin babur.

Ga mai zirga-zirga tsakanin Bebeji da Tiga, ko cikin garin Tudun Wada, ɗan 155 ya wadatar, yana shan mai kaɗan, ga wurin ajiye hular kwano a ƙarƙashin kujera. Wanda kuma zai riƙa bin hanyar Jos duk mako, ko dai ya tara kuɗin ɗan 300 mai tayar gaba inci 15, ko ya haƙura da ƙyale-ƙyale ya tsaya a babur mai inci 17 wanda kayan gyaransa ke ko'ina. Kafin ya biya kuɗi, ya nemi a bar shi ya gwada da goyo a baya, a kan titin da ba a gyara ba.