A Tanadar wa Mai Komowa Gida Ƙofa a Lolo

Ran 23 ga watan Maris na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin rufe dukkan iyakokin ƙasar nan na tudu ga matafiya, domin tare cutar korona wadda aka fara samu a Legas ran 27 ga Fabrairu. Babu mai hankalin da zai zargi hukuma don ta tashi tsaye a kan annobar da ta gagari manyan ƙasashen duniya. Amma akwai mutum guda da aka bar al'amarinsa a duhu, shi ne ɗan ƙasa wanda sanarwar ta riske shi a kan hanya, ya daɗe da barin gida, guzurinsa ya ƙare, ga shi kuma ya juyo da motarsa ya nufo iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin cutar ran 5 ga Mayu na 2023, hankali ya kwanta, saboda haka yanzu ne lokacin da ya dace a tambaya: in wata annoba ta sake aukuwa, ta ina wannan mutum zai shigo?

A wancan watan na Maris jaridun Turai sun cika da labarin dubban Turawa masu yawon buɗe ido, galibinsu tsofaffi 'yan fansho, waɗanda suka saba zuwa Maroko cin rani a cikin motocinsu masu ɗakin kwana da madafa. Da Maroko ta tsai da jiragen ruwa tsakaninta da Sifen, sai suka maƙale, motocinsu suka yi jerin gwano a bakin iyakar Sabta. Ofisoshin jakadancinsu suka shiga magana, aka keɓe musu wurin tsayawa, daga baya aka shirya musu jiragen ruwa na musamman daga Tanja zuwa Faransa. Sun sha wuya, amma an san yawansu, an san inda suke, an kuma san ta ƙofar da za su shiga gida.

Ƙasar Hausa ma tana da nata mazauna mota, sai dai ba yawon shaƙatawa ne ke fitar da su ba. Direban gingimari da ke lodi zuwa Kwatano ko Lome ko Kumasi ko Abijan yakan yi wata biyu ko uku bai ga iyalinsa ba. Motarsa ita ce ɗakinsa: tabarma a ƙarƙashin bodi, gidan sauro a ɗaure jikin ƙarfe, risho da tukunya da buta a akwatin gefe, shi da yaran motarsa biyu. Haka fataken albasa da na dabbobi da na goro, haka 'yan cin rani masu faskare da ga-ruwa da gadi a biranen bakin teku. Da yawa daga cikin mutanen Sakkwato da Kabi da Zamfara, idan za su komo, ba sa bin Legas. Sukan hau babbar hanyar da ta ratsa Jamhuriyar Benin daga Kwatano ta Paraku da Kandi zuwa Malanbil, tafiyar fiye da kilomita 700, sa'an nan su karkata gabas ta Madekali su faɗo Lolo a Ƙaramar Hukumar Bagudo, su wuce Illo, su haye Kwara ta gadar Tuga.

Wannan hanya ba mota ce ta fito da ita ba. Tun zamanin da ayarin fatake ke tashi daga Kano da Sakkwato da Jega zuwa Gwanja sayen goro, Illo na cikin manyan mashigan Kwara, daga nan a bi ta ƙasar Bargu har Salaga. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Faris cikin 1898 ita ce ta bar Illo a hannun Ingilishi, ta shata layi a tsakiyar Dandawa da Kyangawa da Bokawa da Fulani waɗanda har gobe suke auratayya da cin kasuwa ɗaya. Abin lura a tsarin mutanen dā shi ne zango. Madugu ba ya kutsawa da ayarinsa tsakiyar gari. Akwai wurin da aka ware a bayan gari, da sarkin zango mai sanin wanda ya sauka da wanda ya tashi, da inda ya fito. Ba don cuta kaɗai aka yi zango ba, amma duk duba-garin da ya san aikinsa zai gane amfaninsa ran da cuta ta zo.

To a dubi abin da ya sami mai bin hanyar nan cikin 2020. Nijar ta rufe iyakokinta na tudu ran 19 ga Maris, Togo ta bi baya, Gana da Kwaddibuwa suka rufe ran 22. Benin ba ta kulle ƙasa duka ba, amma daga 30 ga Maris zuwa 11 ga Mayu ta yi wa Kwatano da garuruwan kewayenta zobe, ba shiga ba fita sai da dalili. Yawancin ƙasashen sun bar motocin kaya suna wucewa, amma Nijeriya ta riga ta toshe iyakokinta tun watan Agusta na 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ta hana shige da ficen kaya ta tudu gaba ɗaya a watan Oktoba, ta kuma hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a watan Nuwamba. Wato annoba ta tarar da Lolo a kulle, aka ƙara mata kwaɗo na biyu. Ga zafin bazara, ga azumi ya kama ran 24 ga Afrilu, lokacin da kowane ɗan cin rani ke ɗaure kayansa don ya riski sharar gona da Ƙaramar Salla a gida. Wanda ya samu ya tsallako kuwa bai huta ba, domin daga 4 ga Mayu an hana tafiya tsakanin jihohi, an kuma sa dokar hana fita daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe, ba a ɗage hanin tafiyar ba sai 1 ga Yuli.

Mutumin da kuɗinsa ya ƙare a ƙasar wasu, damina kuma ta ƙarato, ba zai zauna a Madekali yana jiran sanarwar Abuja ba. Sanin kowa ne cewa iyakar nan gonaki ne da fadamu da kogi. Idan aka rufe ƙofar da ke da jami'i da littafi da ma'aunin zafin jiki, sai ya ajiye motar a hannun wani, ya hau babur ta ɓarauniyar hanya, ko ya biya ɗan fito ya sauke shi a wani mashigin da dare. Kashegari yana cikin iyalinsa, yana sahun masallaci, yana kasuwa, babu wanda ya rubuta sunansa, babu wanda ya tambaye shi garuruwan da ya kwana. In kuma ya fara tari, ɓoyewa zai yi, domin ya san ta haramtacciyar hanya ya shigo, faɗar gaskiya na iya jawo masa kamu. Rufewar da aka yi don a ga mai cuta ita ce ta sa ba a gan shi ba.

Wanda ke shakkar haka ya tuna abin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. An datse gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a gefen titi wata da watanni, amma mutane da buhuna ba su fasa hayewa ba, kasuwar 'yan kwalekwale ce kawai ta buɗe. Wannan kuwa da sojoji tsaye a kan gada.

Akwai kuma batun adalci, wanda ya kamata ma'aikatan gwamnati su yi wa kallon tsanaki, tun da su ne ke rubuta takardun da ake zartarwa. Cutar Ebola ta shigo ƙasar nan cikin Yuli na 2014 ta filin jirgin saman Legas. Korona ma ta nan ta shigo, a jikin wani Ba'italiye da ya taso daga Milan. Duk da haka, tun farkon watan Mayu na 2020 aka fara kwaso 'yan Nijeriya daga Dubai da Ingila da Amurka a jiragen musamman, aka killace su a otal-otal na Legas da Abuja kwana 14, kuma ran 5 ga Satumba aka maido da zirga-zirgar jiragen ƙasashen waje. Iyakokin tudu kuwa sai 16 ga Disamba aka buɗe huɗu, wato Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Kamba, maƙwabciyar Lolo a Jihar Kabi, sai Afrilu na 2022 ta samu shiga tare da Jibiya da Idiroko da Ikom. A jerin biyun nan duka babu sunan Lolo. An bar jaki ana dukan taiki: mai fasfo da tikiti ya komo gida da mutuncinsa, mai tabarma da buta ya komo kamar ɓarawo.

Ba cewa ake yi masu bin tudu ba sa ɗauko cuta ba. Suna ɗaukowa ƙwarai, kuma shi ne ma babban dalilin maganar. Kwalara da ta ɓulla a Gini cikin Agusta na 1970 ta bi gaɓar teku da kwarin Kwara ne tare da masunta da fatake, ta iso Nijeriya a ƙarshen shekarar, cikin 1971 kuma aka ƙidaya mutum 22,931 da suka kamu, 2,945 suka rasu. A 2020 ma an ga misali a Jihar Oshun, inda mutum 127 'yan asalin Ejigbo suka komo daga Kwaddibuwa ta mota a ƙarshen Maris. Gwamnatin jihar ta karɓe su, ta tsare su wuri guda, aka gwada su, aka kuwa sami masu cutar a cikinsu. Da an kore su daga bakin ƙofa, da sun watsu ɗaya-ɗaya ta daji, kowa ya kai wa unguwarsu tsaraba. An gano su ne domin an bar su sun shigo ta inda ido ke gani.

Masu goyon bayan rufewa baki ɗaya suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce a watan Maris na 2020 babu ɗakin gwajin cutar ko ɗaya a duk arewa maso yamma, sai an kai samfur Abuja, to yaya za a buɗe ƙofa a ƙauyen da ko wutar lantarki ba ta wadace shi ba? Sukan ƙara da cewa ƙofar da aka buɗe wa mai komowa, ɗan fasa-ƙwauri da ɗan ta'adda ma za su bi ta. Amsar ta farko ita ce killacewa ba ta bukatar na'ura. Tana bukatar rumfa da ruwa da abinci da makewayi da malamin asibiti mai duba mutane safe da yamma har kwanakin su cika. Amsar ta biyu kuwa, ɓata-gari bai taɓa neman ƙofar da ake rubuta suna ba, kuma jami'in tsaro zai fi gane shi a daji idan mutanen kirki sun daina bin dajin.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a ƙi barin ɗan Nijeriya ya shigo ƙasarsa. Gaskiya ne sashe na 45 ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙi saboda lafiyar jama'a, amma taƙaitawa ita ce a ce masa ya tsaya nan kwana kaza a duba shi. Ƙa'idojin Lafiya na Duniya na 2005, waɗanda Nijeriya ke cikin masu bin su, sun ɗora wa kowace ƙasa nauyin ciyar da matafiyin da ta killace da shayar da shi da ba shi makwanci da kiyaye kayansa da mutuncinsa. Akwai kuma sashen kula da lafiya a mashigan ƙasa a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, wanda aikinsa ke nan tun zamanin Turawa, sai dai ƙarfinsa ya fi yawa a filayen jirgin sama da tashoshin jiragen ruwa.

Abin da ake bukata a Lolo bai fi ƙarfin Gwamnatin Jihar Kabi da ta Tarayya ba in sun haɗa hannu. A keɓe fili a bayan gari kusa da ofishin kwastan, mai faɗin da zai ɗauki manyan motoci, a kewaye shi, a haƙa rijiyar burtsatse, a gina makewayi da rumfuna da ɗakin shan magani. Direba ba ya son rabuwa da motarsa, kuma babu dalilin raba shi da ita: ya kwana a gindinta kamar yadda ya saba, a dafa masa ko ya dafa da kansa, malamin lafiya ya riƙa zagayawa. Wannan ya fi otal araha nesa ba kusa ba. A lokacin lafiya filin ba zai zauna a banza ba, tashar manyan motoci ce da za ta kawo wa Ƙaramar Hukumar Bagudo kuɗin shiga. Ƙungiyoyin direbobi, waɗanda 'yan kamashonsu suka san kowace mota da mai ita fiye da yadda kowane ofis ya sani, su riƙe rajistar waɗanda suka fita, domin ran da aka rufe iyaka a san mutum nawa ke waje. Hakimai da dagatan Masarautar Gwandu da ke bakin iyaka a ba su matsayi a rubuce, tun da su ne mai unguwa ke kawo wa labarin baƙon da ya sauka da dare. Sarakunan fito da na 'yan babur su ma a jawo su, a sanar da su cewa wanda ya kawo fasinja zango ba za a kama shi ba.

Sauran aikin na Ma'aikatar Harkokin Waje ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ya kamata a zauna da mahukuntan Benin a rubuta cewa ko an rufe iyaka saboda annoba, za a bar ɗan Nijeriya ya ratso zuwa Lolo, ɗan Benin kuma ya ratsa zuwa Madekali, a ranaku sanannu da sa'o'i sanannu, da jami'an lafiya na ɓangarorin biyu a tsaye. A kuma sa wannan sharaɗi cikin takardar umurnin rufewar kanta, a karanta shi a rediyo da Hausa da Dandanci da Fulatanci, domin direban da ke kwance ƙarƙashin motarsa a Kandi ya ji ranar da zai taso.