Rikicin Bitcoin: Wa Ke Riƙe da Kundin?

Daga cikin garin Minjibir zuwa Kunya har Wasai, da wuya a yau ka zauna a majalisar samari ba ka ji zancen kirifto ba, musamman tun da guguwar danna waya ta Hamster Kombat ta kaɗa a 2024. Abin da ake ta nanatawa shi ne wai kuɗi ne marar maigida, babu gwamnan bankin da zai wayi gari ya canza masa launi. Akwai gaskiya a zancen, amma rabinta ce. Sauran rabin yana cikin rigimar da ake yi a gidan Bitcoin, uban waɗannan kuɗaɗe duka.

Bitcoin, wanda wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya ƙaddamar a 2009, kundi ne na lissafi. Duk bayan kimanin minti 10 ana ƙara masa shafi. Dubban mutane a duniya sun ajiye kwamfutoci masu gadi, kowace tana riƙe da kwafin kundin, tana duba kowane sabon shafi, in ya saɓa ƙa'ida ta yi watsi da shi. Ƙa'idar kuwa tana cikin manhajar da mai kwamfutar ya zaɓa ya ɗora. To, a nan gizo ke saƙar, domin mutane ne ke rubuta manhaja, mutane kuma ba sa rasa saɓani.

Mu a wannan yanki mun san ƙuncin fili. Gona na jingine da gona, taku ɗaya na iyaka yana iya raba 'yan uwan ciki ɗaya. Shafin Bitcoin ma haka yake, tun 2010 aka ƙayyade shi a megabait 1. Da ciniki ya yi yawa sai wasu suka ce a faɗaɗa, suka fito da manhajar Bitcoin XT a 2015, Bitcoin Classic ta biyo baya a 2016. Masu Bitcoin Core, manhajar da mafi yawa ke amfani da ita, suka ƙi, suna cewa in shafi ya yi girma mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya ajiye kundi ba, sai manyan kamfanoni su mamaye. Mu in rikicin iyaka ya taso akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai hakimi. Su ba su da kowa. Ranar 1 ga Agusta 2017 aka raba gari, aka haifi Bitcoin Cash mai shafin megabait 8. A Nuwamba 2018 shi ma ya dare biyu. A 2025 darajarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na Bitcoin ba. Wanda ya bi zuga ya juye dukiyarsa can, shi ya san abin da ya gani.

Rigimar ta sake tashi da sabon salo. Tun 2023 wasu suka shiga cusa hotuna da rubuce-rubuce cikin kundin. A Oktoba 2025 Bitcoin Core ta fitar da zubi na 30, inda ta ɗaga iyakar gurbin ƙarin bayani daga kimanin bait 80 zuwa 100,000. Hujjarsu ita ce masu cusawa sun riga sun samu ɓarauniyar hanya mai cutarwa, gara a buɗe musu ƙofar da ake gani. Luke Dashjr, mai kula da manhajar Bitcoin Knots, da magoya bayansa suka ce a'a, kundin kuɗi ba juji ba ne, kuma duk sharar da aka zuba mai gadi ne zai ɗauke ta har abada. Kafin ƙarshen shekarar, kusan kwamfuta ɗaya cikin biyar na waɗanda ake gani a fili ta koma Knots.

Ya kai ɗan uwa, a duk wannan taƙaddama ina muryarka? Mai kwamfutar gadi ya zaɓi manhaja, masu haƙa sun zaɓi shafin da za su gina a kai. Kai kuwa da wayarka da cajin da ka biya a shago, ɗan kallo ne. Kundin kaɗai ya haura gigabait 600, ga shi yana son wuta da intanet dare da rana. In kuma kuɗinka yana hannun kamfanin canji, to ko makullin ba naka ba ne. A rabuwar 2017, masu ajiya a Coinbase sai da suka jira har Disamba kafin su taɓa rabonsu na Bitcoin Cash. A nan gida, a Maris 2024 Binance ta rufe hada-hadar naira, ba ta nemi shawarar kowa ba.

Don haka nasiharmu uku ce. Na farko, kada ka zama ɗan amshin shatan wani ɓangare a faɗan da ba ka da ƙuri'a a cikinsa, har ka ɓata da abokinka. Na biyu, kafin ka zuba ko kwabo, tambayi wa ke rubuta manhajar, su wa ke riƙe da kundin, kuma makullin yana hannun wa. Duk kuɗin da kamfani ɗaya ke juya kwamfutocinsa, mai maigida ne, ko me aka faɗa maka. Na uku, kada ka sayar da gonar gado, ko ragon da uwarka ta yi kiwo, ko geron da gida zai ci har damina, don sayen abin da baƙi za su iya raba shi biyu kana barci.

Wanda kuma Allah Ya ba basira, ya zage ya koyi ilimin kwamfuta sosai, domin masu ilimin ne ake jin maganarsu a can. Allah Ya ba mu halaliyarmu, Ya tsare mu daga asara. Wassalam.