Korar Ɗalibi Mara Lafiya Daga Jami'a: Wa Ake Karewa?

Ran 16 ga watan Afrilu, 2007, wani ɗalibi ya ɗauki bindiga ya shiga gidan kwana da ɗakunan karatu na jami'ar Virginia Tech a Amurka, ya harbe mutum 32 har lahira, sa'an nan ya kashe kansa. Da kwamitin binciken da Gwamnan jihar ya naɗa ya miƙa rahotonsa, sai ta bayyana malamansa sun daɗe suna kuka da halinsa, har kotu ta ba da umurni tun watan Disamba na 2005 cewa ya riƙa ganin likitan ƙwaƙwalwa, amma ba wanda ya bi sawu. Kowane ofis ya kama bakinsa, wai don gudun keta dokar rufin asirin ɗalibai.

Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Tun daga ranar nan hukumomin jami'o'in Amurka suka ƙara ɗamara, jihar Virginia ma ta kafa doka a 2008 wadda ta tilasta wa jami'o'in gwamnati kafa kwamitin auna haɗarin duk wanda aka ga take-takensa. Ba mai hankalin da zai ga laifin wannan. A 2018 kuwa Kotun Ƙoli ta jihar Kalifoniya ta yanke hukunci, a ƙarar wata ɗaliba da abokin karatunta ya daɓa wa wuƙa a ɗakin gwaje-gwaje, cewa wajibi ne jami'a ta kare ɗalibanta a wajen karatu daga ɓarnar da ake iya hangowa.

To, amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Ƙa'idojin sallamar ɗalibi ba da son ransa ba sun daɗe suna cusa mutum biyu a kwando guda: wanda ake tsoron zai cuci wasu, da wanda ciwon damuwa ya kama har ake tsoron zai cuci kansa. A ganina wannan kuskure ne babba, domin kuwa na biyun majinyaci ne, kuma ya fi na farkon yawa nesa ba kusa ba.

Alal misali, a 2004 wani ɗalibin jami'ar George Washington ya kai kansa asibiti da ƙafarsa saboda damuwa ta yi masa nauyi. Yana kwance sai ga takarda daga hukuma an hana shi taka harabar jami'a. Ya kai ƙara, aka sasanta a 2006. Yanzu mai karatu ya tambayi kansa, wane darasi sauran ɗalibai suka ɗauka? Ai shi ne kowa ya haɗiye ciwonsa ya yi shiru, tun da wanda ya nemi magani kora ya samu. Hukumar da ta koya wa ɗalibai ɓoye ciwo kuwa ta rufe idonta da hannunta, gama daga bakin ɗalibai da abokansu ne ake fara jin labarin haɗari.

Kada kuma mu yaudari kanmu, sau da yawa ba tausayi ke sa a yi gaggawar sallama ba. Tsoron shari'a ne da gudun ɓacin suna, wato in abin zai faru, ya faru a gidan iyayensa.

Amurkawa da kansu sun fara gyara. Sababbin ƙa'idojin dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990, waɗanda suka fara aiki a 2011, sun ambaci haɗari ga wasu mutane kaɗai, ba su ambaci haɗari ga kai ba. Jami'ar Stanford ta sasanta da masu ƙara a 2019 ta sake ƙa'idojinta. Jami'ar Yale, inda a da ɗalibin da ya janye don jinya yakan rasa inshorar lafiyarsa ta makaranta, kuma sai ya sake neman shiga kamar baƙo, an kai ta kotu a watan Nuwamba na 2022. A 2023 ta yarda da hutun jinya wanda ba ya yanke ɗalibi daga makaranta, ta kuma sauƙaƙa hanyar komowa.

Maganar ta shafe mu, domin 'ya'yanmu da yawa suna karatu can, wasu da kuɗin gwamnati, kuma iznin zaman ɗalibi baƙo a rataye yake da rajistarsa. In an sallame shi yana iya rasa karatu da likita da iznin zama a lokaci guda.

Ban ce kada a taɓa fitar da kowa ba. Wanda ya yi barazana da makami, a raba shi da jama'a nan take, a yi bincike daga baya. Amma wanda ciwonsa a kansa ya tsaya, kafin magatakarda ya sa hannu a takardar sallama, ya kamata likitan da ya duba shi ido da ido ya faɗi ra'ayinsa, a gwada rage masa darussa ko sauya masa ɗaki, a saurari bakinsa, a ba shi damar ɗaukaka ƙara. In har ta kama dole ya tafi gida, to, a rubuta masa sharuɗɗan komowa da ranar da za a sake duba maganarsa a cikin takardar da za a miƙa masa.