Shago da Gunkin da Aka Yi wa Shari'a

A tsibirin Tasos na ƙasar Girka an yi wani ɗan dambe mai suna Tiyajinis, wanda ya ci gasar Olamfik a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bayan mutuwarsa mutanen garin suka kafa masa gunkin tagulla. An ce wani da ya riƙe shi a zuci ya riƙa zuwa da dare yana tsula wa gunkin bulala, har ranar da gunkin ya faɗo ya danne shi ya mutu. 'Ya'yan mamacin suka kai ƙara, aka sami gunki da laifin kisa, aka jefa shi teku. Daga nan gona ta ƙi amfani, ba a ga sauƙi ba sai da masunta suka tsamo shi aka mayar da shi mazauninsa. Marubucin da ya adana mana wannan, Fausaniyas, ya zo ne bayan shekara fiye da 600, ya rubuta abin da ya ji, na gaskiya da na almara, bai tace ba.

Duk wanda ya tashi a Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, ya san irin wannan labari, sai dai sunan jarumin Shago ne. Ka zauna a majalisar dattawa ka ambaci karonsa da Ɗandunawa, ka ga yadda hira za ta kaure. Wannan zai ce da idonsa ya gani, wancan zai rantse hannun ba banza yake ba, akwai laƙani. Kowa da tasa ruwayar, kuma ba mai yarda an gyara masa.

Abin da ya riƙe sunan Shago har yau shi ne bakin Ɗan Anace da kalangunsa, kamar yadda waƙar Findar ta riƙe sunan Diyagoras na Rodos, gwanin dambe na shekara ta 464. To amma aikin mawaƙi kambamawa ne. Ba zai gaya maka shekara ba, ba zai lissafa maka ranakun da gwaninsa ya sha ƙasa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Laifin namu ne, mu 'yan boko, da muka ɗauki dambe wasan mahauta da 'yan ƙauye, muka bar shi a kaset.

Na san wasu za su ce bincike zai rage wa Shago kwarjini. Ban yarda ba. Tiyajinis an san shekarar nasararsa, an kuma san tatsuniyar gunkinsa, ɗaya bai ci ɗaya ba. Almarar ma shaida ce: tana nuna abin da mutane ke tsoro da abin da suke girmamawa.

Abin da ke damuna lokaci ne. Waɗanda suka tsaya a da'ira suka ga an naɗa zare a hannu, suka ji ihun kisa, yau duk sun manyanta, wasunsu ma rashin tsaro ya raba su da ƙauyukansu. Jami'ar Tarayya ta Gusau tana nan tun 2013, daga can zuwa Bungudu ko Tsafe kuwa tafiyar safiya ce. Ɗalibi biyu da na'urar ɗaukar murya sun isa a fara, muddin za a bar dattijo ya faɗi har zancen layar ba a katse shi ba.